Ƙwallo tana da sensa, ɗan kallo fa?

1/
Jiya a gidan kallo saura ƙiris a ba hammata iska a kan satar gida ta ɗan yatsan ƙafa. Wani yana rantsuwa "na'ura ba ta ƙarya", wani yana ihu wai an saye ta. Na dawo ɗaki na kasa barci, don dama aikin da malaminmu ya ba mu wannan zangon a kan irin na'urorin nan ne. Bari in amayar da abin da ke cikina. Zaren da tsayi, a yi haƙuri 🧵

2/
Ga matsayata tun kafin mu yi nisa. An kashe maƙudan kuɗi da basira don a san inda ƙwallo take, santimita bayan santimita. Amma sanin mutum nawa ne suka cushe a bakin ƙofa ɗaya suna neman numfashi, wannan bai samu rabin kulawar ba. In kuma aka juyo da kyamara kan ɗan kallo, galibi fuskarsa da aljihunsa ake so.

3/
Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san kalmar, bakanike zai ce "sensa ce ta mutu". Ɗan ƙaramin abu ne mai jin zafi, ko motsi, ko danshi, ko nauyi, ya mai da shi lamba. Sabon abin shi ne yanzu an jona dubbansu da intanet, duk suna tura rahoto ɗaki ɗaya, dare da rana. Manyan filayen wasa na duniya cike suke da su.

4/
Mu fara da wadda kowa ya sani. 27 ga Yunin 2010, Ingila da Jamus a Bloemfontein. Lampard ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama, ta dira cikin raga ƙuru-ƙuru, ta dawo waje. Neuer ya cafe ya ci gaba kamar ba a yi ba. Rafli bai gani ba. Da an ba su da wasa ya koma 2-2, aka tashi 4-1. Ina firamare lokacin, amma bidiyon nan na kalle shi ya fi sau ashirin.

5/
Kunyar ranar ce ta karya taurin kan FIFA. A 2012 aka amince da na'urar layin raga, Firimiya ta fara aiki da ita a kakar 2013/14, aka kai ta gasar kofin duniya ta Brazil a 2014. Kyamarori ne suke kallon kowace raga, da ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta agogon hannun rafli zai girgiza cikin daƙiƙa ɗaya.

6/
A Katar 2022 abin ya wuce nan. Ƙwallon gasar, Al Rihla, an rataye sensa a tsakiyar cikinta, tana tura bayani sau 500 a daƙiƙa. Eh, sau ɗari biyar. Har caji ake saka mata kafin wasa kamar waya, ba zolaya nake ba.

7/
Ga kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa. Sensar ƙwallo ta faɗi daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ta, kyamarori su faɗi inda kafaɗa da gwiwar kowa suke a wannan lokacin, kwamfuta ta ja layi. Da haka aka soke wa Ajantina ƙwallaye uku kafin hutun rabin lokaci ranar da Saudiyya ta doke su 2-1.

8/
'Yan Ronaldo ku yi haƙuri. Wasan Potugal da Uruguay ya yi murna wai gashin kansa ya shafi bugun Bruno Fernandes. Adidas suka duba abin da sensar ta rubuta, babu alamar taɓi ko ɗaya. Aka bar wa Bruno kayansa. Ni ma masoyinsa ne, ranar shiru na yi 😅

9/
Toh, mai cewa na'ura ba ta ƙarya, zo nan. 17 ga Yunin 2020, wasan farko na Firimiya bayan hutun korona, Aston Villa da Sheffield United. Golan Villa, Nyland, ya faɗa cikin ragarsa rungume da ƙwallo. Duniya ta gani a talabijin. Agogon rafli Michael Oliver bai girgiza ba, sai ya nuna agogon ya ce a ci gaba.

10/
Kamfanin Hawk-Eye ya ba da haƙuri, ya ce gola da ɗan baya da turken raga ne suka tare wa kyamarori bakwai gani, abin da ba su taɓa cin karo da shi ba a wasanni sama da 9,000. An tashi 0-0. Ƙarshen kaka Villa ta tsira da maki ɗaya tak, Bournemouth ta faɗi.

11/
Kuskuren na'urar bai dame ni ba, wane abu ne ba ya kuskure? Abin da ya dame ni: akwai mutane a ɗakin VAR suna kallon hoton nan, ba wanda ya ce uffan. Sun saba agogo ke magana, da agogo ya yi shiru sai suka daina yarda da idonsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a wurin da ba maki ake asara ba.

12/
Mu bar cikin fili mu duba ginin kansa. Nan kam an yi abin a yaba. A Katar wani injiniya haifaffen Sudan, Dokta Saud Abdul Ghani, ya tsara sanyaya filayen: iska mai sanyi na fitowa ta ƙarƙashin kujeru da gefen fili, sensoci na auna zafin kowane ɓangare, ana ƙarawa ana ragewa. Filaye takwas ɗin duk ana sa musu ido daga cibiya ɗaya a Doha, da dubban kyamarori.

13/
Filin Ajax a Amsterdam tun 2018 yake da rumbun wuta da aka haɗa da baturan motar Nissan Leaf, ga faifan sola sama da 4,000 a kan rufi. A Bernabéu ciyawar ma raba ta ake yi a zura ta ƙarƙashin ƙasa, can ake ba ta ruwa da haske da iska gwargwadon abin da aka auna. Ciyawa fa. Tana samun kulawar da ni ban samu a ɗakin kwanan ɗalibai.

14/
Sai dai duk abin da ka jona, ka buɗe masa sabuwar hanyar lalacewa. Super Bowl na 2013 a New Orleans wuta ta ɗauke minti 34 ana tsakiyar wasa. Da aka bincika, wata na'ura ce da aka saka musamman don kare layin wutar, ita ta katse shi.

15/
A bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Pyeongchang, Koriya ta Kudu, 2018, masu kutse ne suka shiga. Wayfai na filin ya mutu, shafin gasar ya sauka, mutane suka kasa buga tikitinsu. Yau in tikitinka a waya yake, ƙofa kuma sai ta tambayi wata kwamfuta kafin ta buɗe, to matsalar netwok ta zama matsalar cunkoso.

16/
Wanda ya kawo mu ainihin maganata: ƙofa.

17/
Yawanci muna cewa "turmutsutsu", sai ka zaci tattake mutane ake yi. Da yawa a tsaye suke mutuwa. In mutane suka kai kamar biyar a murabba'in mita ɗaya an shiga haɗari. In suka kai shida, bakwai, ba kai ke tafiyar da jikinka ba kuma, taron ke kaɗa ka kamar ruwa. Ƙirji ya matse, ka fitar da numfashi ka kasa mayarwa. Mintuna kaɗan ne.

18/
Kuma na baya bai san abin da ke faruwa a gaba ba. Shi dai ya ga layi ba ya motsi, ya ji an fara wasa, ya ɗan tura. Ba mugu ba ne, bai da labari ne. Wanda ke kallo daga sama kaɗai zai iya gane an kai iyaka. Wannan aiki ne da na'ura ta fi mutum iyawa nesa ba kusa ba: ƙirga kawuna.

19/
Yanzu ku dubi shekarar 2022 kaɗai, shekarar ƙwallo mai caji.
Janairu: filin Olembe a Yawunde, Kamaru da Komoros a kofin Afirka, mutum 8 suka rasu a bakin ƙofa.
Mayu: wasan ƙarshe na zakarun Turai a Paris, saura kaɗan a yi gagarumar asara.
Oktoba: filin Kanjuruhan a Indonesiya, mutum 135.

20/
Kanjuruhan, 1 ga Oktoba. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, abin da ƙa'idar FIFA ta hana. Jama'a suka ruga ƙofofi, ƙofofin ƙanana, wasu a rufe. Akwai yara da yawa cikin mamatan. Mako bakwai bayan haka aka buɗe gasar Katar, muna ta mamakin layin satar gida mai zanen kwamfuta.

21/
Kuma ba sabon labari ba ne. 9 ga Mayun 2001, Accra, Hearts of Oak da Asante Kotoko. Jifa da kujeru, barkonon tsohuwa, ƙofofi a kulle, mutum 126. Da yawansu 'yan unguwannin zango ne irin su Nima, 'yan uwanmu. Shekara 21 tsakanin Accra da Kanjuruhan, amma in ka karanta labarin biyun sai ka ce ɗaya aka kwafa. Allah ya jiƙansu.

22/
Abin da ke ci min rai a matsayina na ɗalibin wannan fanni: sensar da za ta gaya maka ƙofa a buɗe take ko a kulle, maganaɗisu ne da ɗan makunni. Irinta muke jonawa da Arduino a ɗakin gwaji, kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu ba. Allo ɗaya a ɗakin kula, ƙofa ta 13 ta nuna ja, wani ya ɗaga rediyo ya ce a buɗe. Shi ke nan fa.

23/
Haka ƙarfen nan mai juyawa da ake bi ɗaya bayan ɗaya a ƙofar shiga, yana ƙirga kowa. Kyamara daga sama tana iya ƙiyasta cunkoso ta yi ƙara in ya wuce ƙima. Akwai makullin lantarki da aka ƙera shi yadda in wuta ta ɗauke sakin ƙofar yake yi, ba riƙewa ba. Duk wannan ba ya buƙatar sanin sunan kowa.

24/
Amma kar in yaudare ku in ce a sayo na'ura a huta. Hillsborough, 15 ga Afrilun 1989, Liverpool da Nottingham Forest, mutum 97. Akwai kyamarori a filin ranar. Ɗakin kular 'yan sanda yana kallon wurin da abin ya faru. Kwamandan ya ba da umarni a buɗe babbar ƙofa don rage cunkoson waje, amma ba a tare hanyar da ke kai mutane sashen da ya riga ya cika ba.

25/
Daga baya ya ce wai 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar. Sai a 2016, bayan shekara 27 iyalai suna fafutuka, bincike ya tabbatar ba laifin magoya baya ba ne. Kun tuna ɗakin VAR na wasan Villa? Hoto yana gaban mutum, mutum bai motsa ba. A can maki ɗaya ne, a nan rayuka.

26/
Paris ɗin ma haka. 28 ga Mayun 2022, Liverpool da Real Madrid, ɗaya daga cikin filaye mafi kayan zamani a Turai. An tura dubban mutane ta matsattsiyar hanya, aka rurrufe ƙofofi, aka fesa wa masu tikiti na gaskiya barkono, har da yara. An jinkirta wasa fiye da rabin awa, allon fili yana cewa wai 'yan kallo ne suka makara.

27/
Ministocin Faransa suka ɗora laifin a kan tikitin bogi dubu talatin zuwa arba'in. Rahoton kwamiti mai zaman kansa na 2023 ya rushe wannan, ya ce UEFA ce ke da babban alhaki. Bidiyon kyamarorin filin fa? Ya goge kansa bayan kwana bakwai, don ba hukumar da ta nema a ajiye. Taɓin gashin Ronaldo akwai shaidarsa, wannan babu.

28/
To ina kyamarorin suke da ƙwazo? Wajen gane fuska. Wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2017 a Cardiff 'yan sanda suka gwada. Na'urar ta nuna mutum 2,470 a matsayin waɗanda ake zargi, 2,297 daga ciki kuskure ne. Na san an inganta ta sosai tun lokacin. Amma ingantuwarta ma wata matsalar ce, ku ji.

29/
A New York, kamfanin da ya mallaki Madison Square Garden ya loda hotunan lauyoyin duk wani ofishi da ke ƙararsa a kotu. A 2022 aka riƙa tsinto su ana korarsu, da tikitinsu a hannu. Har da wata uwa da ta raka 'yarta kallon wasan rawa a wani zauren kamfanin, ita ba ta ma cikin shari'ar, ofishinsu ne kawai. Nan na'urar ba ta yi kuskure ba. Aikin da mai gida ya sa ta ta yi.

30/
Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo ƙasar da filin wasa na gwamnati ne, kulob na gwamnati ne, kai kuma ka taɓa yi wa wani babba "ba ma yi" ranar wasa. Na bar muku lissafin.

31/
Kuma abin yaɗuwa yake. Brazil ta yi doka a 2023 cewa duk filin da ke ɗaukar sama da mutum 20,000 sai ya tantance masu shiga da fuska ko makamancinta. Sabon filin kwando na LA Clippers da aka buɗe a 2024, fuskarka ce tikitinka, shagunan ciki ba mai karɓar kuɗi, ka ɗauka ka wuce a cire. A Katar ma hukumomin kare bayanai na Jamus da Faransa da Norway sai da suka gargaɗi mutanensu a kan manhajar Hayya.

32/
Na san me wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare: masu jifan rafli, masu zagin baƙaƙen 'yan wasa, 'yan daba masu shigowa da makami, a bar su ke nan? A'a. Brøndby ta Denmark tun 2019 take amfani da gane fuska don tare 'yan tsirarun da aka riga aka haramta wa shiga. In jerin gajere ne, akwai doka, akwai wanda za ka kai wa ƙara in an saka ka bisa kuskure, ana goge na sauran mutane, zan iya zama a tattauna.

33/
Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai na ba da fuskata kafin a kare rayuwata. Abu biyu ne daban ake haɗa mana su a leda ɗaya. Lambar sirri in an sace ka canja. Fuska fa, ina za ka samo wata?

34/
Mu dawo gida kaɗan, tunda mu ma muna cikin jerin 2022 ɗin. 29 ga Maris, Abuja, Najeriya da Ghana 1-1, muka rasa zuwa Katar. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili aka yi ta farfashe-farfashe. FIFA ta ci tarar Najeriya, ta ce a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Muhawarar da muka fi yi bayan nan a kan koci ce da gola.

35/
Ni kaina na taɓa shiga wani wasan lig, ba zan faɗi filin ba. Ƙofa ɗaya aka buɗe, rabinta ma. Na miƙa tikiti, mai karɓa bai yaga ba, ya zura aljihu. Ina juyowa na ga tikitin ya koma waje ana sake sayar da shi. An matse ni jikin ƙarfe har takalmina ɗaya ya tafi, wani bawan Allah ya ɗaga ƙaramin ɗansa sama yana ta "ku yi wa Allah, akwai yaro". Da silifa ɗaya na koma gida, kuma na gode Allah.

36/
Ranar na gane me ya sa ƙofa mai ƙirga ba ta da farin jini. Ba tsada ba ce. In ta ƙirga kawuna, ta ƙirga kuɗin ƙofa ke nan. Wanda ke cin bambancin da ke tsakanin mutanen da suka shiga da kuɗin da aka rubuta, shi zai fara cewa na'urar ta lalace. Irin ranar da wani mai kuɗi zai ce "a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta" kuwa, ba mai iya gaya maka mutum nawa ne a ciki.

37/
Shi ya sa in na ji ana cewa a kawo mana VAR a lig ɗinmu, ko a saka ƙaton allo, ba na ƙi. Ina so ni ma, rafli ya sha cutar mu. Amma da ni ke riƙe da kasafin, ƙofa mai ƙirga zan fara saya, da sola da batir nata na kanta don kar ɗauke wuta ya zama uzuri. A daina sayar da tikiti in adadi ya cika, ko wane ne ya kira waya.

38/
Sannan mutum ɗaya a ɗakin kula, sanannen suna, wanda doka ta ba ikon ya ce a jinkirta wasa ko a buɗe ƙofofin fita, ba sai ya nemi izinin shugaban kulob ko masu haska wasa ba. Bayanan ƙofofi da bidiyon ranar a ajiye su wata da watanni a hannun wata hukuma daban, ba a hannun wanda za a tuhuma ba.

39/
Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi abin da zai haɗa. Abokaina biyu suna yin na ban-ruwan ciyawa. Ni ƙofa na zaɓa: sensar maganaɗisu, da wata mai ƙirga masu wucewa, da saƙon tes zuwa waya in adadi ya wuce ko ƙofa ta zauna a kulle. Har yanzu in mutum biyu suka wuce a manne tana ƙirga su ɗaya, wanda kuwa shi ne ainihin yanayin da nake so ta gane 🤦🏾‍♂️ Wanda ya taɓa magance wannan ya taimaka ya yi min magana.

40/
Masu zuwa fili kuma ina da roƙo. Wasa na gaba, in an kai wajen minti 75, ɗan leƙa ƙofar fita mafi kusa da kai. A buɗe take ko da kwaɗo? Akwai mai tsaronta a wurin, makulli na hannunsa? Ku rubuto min a ƙasan nan, ba sai da hoton fuskar kowa ba. Ina so in saka a rahoton da zan miƙa kafin jarrabawa.